Yayana Mai Algaitar Bature

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran yayana ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa nan Birketiri, unguwarmu a Yawunde, bayan ya yi wata huɗu yana jinyar ƙirji. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Yau kwana tara ke nan. An naɗe tabarmi, an mayar da bencinan aro, ni kuwa har yanzu na kasa komawa kan keken ɗinkina.

Mutane sun zo gaisuwa sosai. Mahauta sun zo, 'yan goro sun zo, masu tsire na bakin titi sun rufe tukubarsu sun zo, har daga unguwannin Ekudu da Nkomkana. Bakinsu ɗaya. Wannan ya ce, "Ba ya rasa sahun farko." Wancan ya ce, "Bawan Allah, ba ka jin muryarsa." Wani ya ce ko wane irin mataccen resho ka kai masa sai ya tashe shi. Duk gaskiya suka faɗa. Ina amsawa da amin, ina jin kamar wani maƙwabcinmu ake yabo.

Ranar sadakar uku sai ga wasu tsofaffi su uku daga unguwar Madagaskar, maza biyu da mace ɗaya mai kuros a wuya. Matar ta cire takalmi a bakin tabarma, ta duba ta ga duk maza ne, ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta fashe da kuka tana magana da yarensu. Ɗaya daga cikin mazan ya yi sallama da gurguwar Hausa ya ce, "Mu abokan aikinsa ne na da. Ni ne mai ganga. Wannan ita ce mai waƙa."

Wasu suka sunkuya kan carbinsu. Liman ne, Allah ya saka masa, ya ce a matsa musu, a kai matar cikin gida wajen mata, a kawo ruwa.

Bayan sun tafi babban ɗan marigayin, wanda ke aikin akawu a cikin gari, ya ja ni gefe ya ce, "Baffa, don Allah wannan zance ya tsaya nan. Baba ya tuba, Allah ya rufa masa asiri. Kada mu tona."

Na ce masa to. Amma na kwana ina juyi. In na mutu ban faɗa ba, babu sauran wanda zai san cewa tsohon nan mai gyaran resho ya yi shekaru yana tayar da mutum ɗari daga kujerunsu da numfashinsa. Kuma akwai nawa laifin a cikin labarin, wanda ba ni da ikon binne shi tare da shi.

Mu mutanen Zariya ne, gidan ɗinki. Yaya ya girme ni da shekara goma sha biyu. Ya koyi busa begila tun yana makaranta, mahaifinmu ya yi dukan, ya yi faɗan, bai bari ba. Daga baya ya bi 'yan goro ya ɓace. Shekaru suka wuce, sai wani fatake ya zo ya ce wa Baba a gaban mutane, "Na ga ɗanka a Yawunde, yana yi wa mashaya busa." Baba ya tashi ya shige gida. Washegari ya rubuta takarda da ajami, ya ninke ya ba ni, ya ce, "Ka je ka taho da shi. Kada ka daɗe." Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, wani ɗan Garwa ya hau mulkin ƙasar nan.

Na bi ta Yola, na bi ta Garwa da Ngaundare, na iso jajawur da ƙasar hanya. Na same shi yana barci da azahar. Ya tashi, ya kalle ni ya daɗe, sannan ya ce, "Kai ne ka zama haka?" Ya karanta takardar sau biyu. Ya jawo wani baƙin akwati daga ƙarƙashin gado, ya ɗaga ƙyallen da ke ciki, ya sa takardar ya rufe. A cikin akwatin ne na fara ganin abin, rawaya, lanƙwasasshe, duk maɓallai. Saksafon sunansa, amma a unguwa algaitar Bature ake ce masa.

Na ce, "Yaya, yaushe za mu tafi?"

Ya ce, "Tela, ci abinci tukuna. Bari a gama wannan watan."

Maganarsa ke nan har ya bar duniya: bari a gama wannan. Bari a gama damina. Bari a gama azumi. Bari matar nan ta haihu. Ni da aka aika in taho da shi, yau shekarata kusan ashirin a Birketiri, na yi aure a nan, 'ya'yana Faransanci suke ƙirga da shi.

Ranar Asabar ta farko ya ce in raka shi in gani da idona, don in na koma gida kada in faɗi abin da aka gaya mini. Gidan rawar yana kan tudu wajen hanyar Mokolo. Fili ne mai daɓen siminti, rabinsa da rufin kwano, rabinsa sararin Allah, an rataya ƙwan lantarki ja da kore da shuɗi a jikin bishiyar mangwaro. Ana barbaɗa hoda a daɓen don takalmi ya riƙa sulɓi. Ma'aikatan gwamnati ne suka fi yawa, sababbin manya, kowa da kwat da lakataye, wasu shekara biyu baya ƙauye suke. Mata da dogayen takalma da gashin kanti. Warin giya, warin turare, hayaƙin gasasshen kifi daga ƙofa. Na tsaya a lungu da 'yar sharata ina ta a'uzubillahi.

Sai aka fara. Rumba suke yi, da ca-ca-ca, da asiko, in dare ya yi nisa su juya zuwa kiɗan mutanen nan na kurmi. Yaya yana tsaye can gefe kamar ba ya nan, kansa a ƙasa. Da lokacinsa ya yi ya tako gaba taku biyu, ya rufe ido, ya busa. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, tsigar jikina ta tashi. A cikin wannan kiɗa na Kwango na ji muryar gida, na ji irin jan da masu algaita ke yi a ƙarshen baiti, ya saka shi a ciki ba wanda ya sani sai ni. Wani ƙaton mutum ya bar matar da yake rawa da ita ya tsaya yana kallonsa baki buɗe.

Ba ya shan giya. Shayi yake zuwa da shi a fulas, ya yi sallar isha'i a bayan gidan, tsakanin akwatunan kwalabe, kan kwali. Na taɓa ce masa ai wannan ma wani abu ne. Ya ce, "Kada ka wanke ni, Tela. Ban sha ba, amma na san busata ce ke sayar da ita." Haka yake. Ba ya kare kansa, ba ya kuma bari a kare shi.

Ni na ɗinka musu jajayen kwat ɗin da suka yi suna da su, guda takwas, masu baƙar kwala. Nasa bai taɓa shiga Birketiri a jikinsa ba. In sun tashi da asuba, sai ya tsaya wajen wani mai shayi a bakin unguwa, ya cire ya ninke, ya zura riga da hula, sannan ya gangaro ya haɗu da masu tafiya masallaci. Kowa ya san inda ya fito, shi ma ya san an sani. A gaisa a wuce. Matarsa, Bafulatanar Ngaundare, ita ke wanke kwat ɗin, amma a cikin ɗaki take shanya shi, ba ta taɓa sa shi a igiyar tsakar gida ba. Wata rana na ji tana ce masa, "Ni dai ban san mutum nawa na aura ba." Ya ce, "Ɗaya ne, kayan ne biyu."

A cikin mutum takwas ɗin nan akwai mai jita, Ibo ne amma haihuwar Sabon Garin Zariya. Hausarsa ta fi tawa daɗi. Shi da Yaya suna tsaye kusa da juna, suna kiɗa suna gulmar masu rawa da Hausa, ba wanda ke ji. Yakan zo gidanmu ran Juma'a ya ce wa matar Yaya, "Uwargida, in babu tuwon dawa in koma."

Sai rikici ya tashi a gida Najeriya, aka far wa Ibo a garuruwanmu. Uwar mai jita da ƙannensa mata suna Sabon Gari. Wasiƙa ta daina zuwa. Ya yi ta zuwa tasha yana tambayar masu isowa, ba labari. Wata rana Yaya ya ce masa sannu, ya juyo ya ce da Faransanci, "Kada ka ƙara yi mini wannan yaren." Fiye da shekara ba su yi magana ba. In akwai abin faɗa sai a gaya wa mai ganga ya isar. Amma kullum dare suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, wannan ya busa, wancan ya amsa da jita, masu rawa ba su san komai ba. Na ce wa Yaya, "Kai me ka yi masa?" Ya ce, "Ba ni na yi ba, amma ni ne a kusa. Bar shi ya sauke a kaina."

Daga baya tarin fuka ya kama mai jita. Mai gidan hayarsa ya fitar masa da kaya saboda tsoron ciwon. Yaya ya ji, ya ɗauki tasi ya je ya kwaso shi, ya shimfiɗa masa a ɗakin zaure. Unguwa ta ɗauki magana. Wani dattijo ya tare shi ya ce, "A wannan lokaci za ka kawo mana shi?" Yaya ya ce, "Baba, ciwo ne ya kawo shi, ba ni ba." Matarsa ta ware masa kofi da kwano, tana tafasa su kullum, tana mita, amma ba ta taɓa barin shi da yunwa ba.

Wata biyu mai jita ya yi a zauren. Bai ce an gode ba, bai ce komai ba. Sai ana saura kwana kaɗan ya rasu, zazzaɓi ya yi zafi, muka ji shi yana cewa da Hausa, "Yaya, a dama mini kunun tsamiya." Yaya ya fito tsakar gida ya faɗa wa matarsa, ya juya fuskarsa bango ya daɗe a haka. Da ya rasu, Yaya ne ya je ya nemo 'yan'uwansa Ibo da fadan cocinsu. Bai shiga cocin ba, ya jira a waje, amma ya bi gawar har kabari. A nan suka roƙe shi, ya busa waƙa ɗaya mai sanyi. Shi ne kaɗai lokacin da na ji busarsa da rana tsaka.

Yanzu na zo kan nawa.

Bayan an gama yaƙin basasa, wani ɗan goro ya kawo saƙo cewa Baba yana kwance, jikin ya yi tsanani. Ƙarshen shekara ne, lokacin da gidajen rawa ke cika kullum. Na ce, "Yaya, wannan karon babu bari." Ya zauna bakin gado ya riƙe kai. Ya ce, "In na tafi yanzu mutum bakwai za su zauna. Kai ka yi gaba. Bari a gama bikin nan, ina bayanka." Na san ba bikin ba ne. Tsoron idon Baba yake ji. Amma ban tausaya masa ba a ranar. Na ɗauki jakata na fita ban yi masa sallama ba.

Na tarar da Baba da rai, na yi kwana huɗu a kansa. Ranar da na isa ya dubi bayana ya ce, "Ina ɗan'uwanka?" Na ce yana hanya. Ya yi murmushi irin na wanda ya gane. Ranar ta huɗu da safe, Inna ta fita ɗebo ruwa, daga ni sai shi, ya kamo hannuna ya ce, "Ka gaya wa yayanka na yafe masa duniya da lahira. Ka ce shi ma ya yafe mini, na yi masa tsanani yana yaro." Kafin azahar ya cika.

Na yi arba'in na dawo. Ranar Asabar na iso, ko gida ban biya ba, na wuce gidan rawar da ƙurar hanya a jikina. Yaya ya riga ya ji rasuwar, ya yi zaman makokinsa ya koma aiki. Na hango shi cikin jan kwat ɗin da na ɗinka da hannuna, mai waƙa ta faɗa masa wani abu a kunne yana dariya. Da suka tsaya hutu ya ja ni baya wajen akwatunan kwalabe. Muka yi wa juna gaisuwa. Sannan ya ce a hankali, "Ya ambace ni?"

Na ce, "Ya tambaye ka sau ɗaya. Bai ƙara ba."

Ya gyaɗa kai. Aka kira shi, ya koma ya busa har asuba.

Bai cika wata shida ba bayan haka ya ajiye busa. Ya ba wani saurayi ɗan ƙasar nan algaitar da akwatinta, takardar Baba kawai ya cire. Mai gidan rawar ya zo har sau uku yana lallashi, Yaya ya ce masa ƙirjinsa ne ba ya so. Ya kafa tebur a gindin bangon masallaci yana gyaran resho da fitila. Bai taɓa gaya wa kowa dalili ba. Ni na sani.

Gidajen rawar ma ba su daɗe a yadda suke ba. Aka kawo injin faifai da manyan lasifikoki, mutum ɗaya ya isa, aka sallami makaɗa. Nasu gidan yanzu ɗakin ajiyar siminti ne, an sare mangwaron. Mai ganga gadi yake yi. Mai waƙa, wadda manyan gari ke aika wa mota, fanke da wake take soyawa a bakin hanya. In muka wuce ta wajen tudun, Yaya ba ya ɗaga kai. Amma in yana zaune shi kaɗai bayan la'asar, sai ka ga yatsunsa suna tafiya a kan gwiwarsa, suna hawa suna sauka. Masu wucewa sun ɗauka tasbihi yake. Ni da na san yadda yake riƙe abin, na san waƙar da yake bi.

Me ya hana ni faɗa? Da farko fushi ne. Da fushin ya huce sai kunya ta maye gurbinsa. Daga baya da na ga ana yabonsa, an ce ya shiryu, sai na fara ce wa kaina ai alheri na yi masa. Mutum yana iya rayuwa da irin wannan shekara da shekaru, ya ci ya sha, ya je suna ya je biki. Sai dai nauyi ne, kuma kullum ƙaruwa yake.

Ana saura mako guda ya rasu na shiga na same shi a jingine da bango, numfashi yana yi masa wuya. Matarsa ta fita. Na zauna ƙasa kusa da gadon na ce, "Yaya, ina da amanarka, shekara goma sha ɗaya ke nan."

Ya ce, "Ina ji."

Na faɗa masa maganar Baba yadda ya faɗe ta, ban rage ba ban ƙara ba. Na faɗa masa abin da ya sa na ɓoye.

Ya rufe ido. Ya daɗe har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sannan ya ce, "Maimaita ta ƙarshen."

Na ce, "Ya ce kai ma ka yafe masa, ya yi maka tsanani kana yaro."

Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne. Bai share ba. Ya ce, "Baba ne ya faɗi haka?"

Na ce, "Wallahi shi ne."

Ya ce, "Da ka gaya mini a lokacin, da ban ajiye ba. Da wataƙila a can zan tsufa, in ƙare a gadi. Ban sani ba ko in gode maka ko in yi fushi da kai, Tela. Ba ni da ƙarfin ko ɗaya."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya lalubo kaina da hannunsa, ya ɗora a kan hulata ya bar shi nan. Ya ce, "Kai ma ka ɗauki naka. Ya isa haka. Tashi ka buɗe tagar nan, iska ta yi mini kaɗan."

Na tashi na buɗe.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare ka da abin da mutane suka sani da abin da ba su sani ba. Ka duba shi da idon rahama, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da mahaifinmu su gaisa. Mu da muka rage, ka ba mu ikon isar da saƙo tun mai shi yana da sauran ƙarfin jin daɗinsa. Amin.